Wace Ƙofa Malamin Jami'a Zai Ƙwanƙwasa Don Kuɗin Manhaja?

Na taɓa zama a bayan wani aji a wata jami'ar gwamnati. Malamin abokina ne tun muna ɗalibai, yana koya wa 'yan aji uku yadda ake tace alƙaluman bincike da kwamfuta. Ɗakin sabo ne fil, ga fanka, ga kujeru masu kyau, kwamfutocin ma wasu ba a gama cire musu leda ba. Amma da aka kunna su, babu abin da ke ciki sai manhajar buga takarda. Sai Malam ya juya ga allo ya zana akwatin da ɗalibi zai gani da a ce manhajar da darasin yake buƙata tana nan. Yana zane yana bayani: nan za ka danna, sai wannan ya buɗe, nan kuma za ka zuba alƙalumanka. Ɗalibai suna ta kwafar zanen a littattafansu. Da aka tashi, wata ɗaliba ta biyo shi har bakin ƙofa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, to a jarrabawa zanen za mu yi, ko za a kai mu ga kwamfutar?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, na rubuta takarda, tana sama."

Takardar nan da ke sama ita nake so mu bi sawunta. Kalmar manhaja a bakin malaman makaranta tun asali tsarin darussa take nufi, kafin wayar hannu ta zo ta ara ta. A nan manhajar kwamfuta nake nufi: SPSS ko Stata ga masu nazarin alƙaluma, MATLAB ga injiniyoyi, AutoCAD ga masu zanen gini, ArcGIS ga masu taswira, da ire-irensu. Manhajojin biyu kuwa sun riga sun sarƙe da juna. Sabon tsarin darussa da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wanda ake kira CCMAS, ya ƙara matsa wa jami'o'i su yaye ɗalibin da hannunsa ya taɓa aiki. A fannoni da yawa a yau, aikin a cikin kwamfuta yake.

Malami ba ya sayen ko allura da sunan jami'a shi kaɗai. Takarda yake rubutawa zuwa ga shugaban jami'a, amma ta hannun shugaban sashe, ta hannun shugaban tsangaya. Kowannensu ya rubuta a gefe cewa ya goyi baya, ya sa hannu, ya buga hatimi. In ta isa ofishin shugaban jami'a, sai a tura ta wajen daraktan fasahar sadarwa ya faɗi ko kwamfutocin jami'a za su ɗauki manhajar, a kuma tura ta wajen ma'ajin jami'a. Ma'aji ba ya tambayar ko manhajar tana da amfani. Tambayarsa ɗaya ce: daga wane aljihu za a cire? A nan mafi yawan takardu suke kwana, domin a kasafin jami'a gini yana da aljihunsa, mota tana da nata, littafi yana da nasa, man janareta ma haka, manhajar koyarwa kuwa ba kasafai ake samun layin da ke ɗauke da sunanta ba. Ba wanda ya ƙi ta. An dai rasa inda za a ajiye ta.

Ko da an samu aljihun, akwai sito. Tsarin kuɗin gwamnati ya ginu ne a kan cewa kayan da aka saya sai ma'aikacin sito ya gan su, ya ƙirga, ya shigar a littafi, ya ba da takardar karɓa, odita ya duba, sannan a biya mai kaya. Tsari ne mai kyau, ya hana ɓarna da yawa. Amma an gina shi ne domin kujera da firji da buhun siminti. Abokin nan nawa ya ba ni labarin yadda wani dattijon ma'aikacin sito, mutum mai gaskiya da tsare aiki, ya tambaye shi, "Dakta, ina kayan? Me zan rubuta wa lamba?" Kayan kuwa jerin haruffa ne da lambobi da kamfani ke aikowa ta imel. Dattijon bai yi laifi ba, abin da aka koya masa ke nan, kuma in an zo bincike shi za a riƙe.

To ina kuɗin suke? Na farko akwai abin da gwamnati ke ba jami'a na gudanar da harkokin yau da kullum, wanda a jami'o'in tarayya ya haɗa da wani ɗan kaso na kayan koyarwa da ɗakunan gwaji da ake kira DTLC. Abin da ke isa sashe daga ciki a takarda da tawada da sinadaran gwaji yake ƙarewa. Na biyu akwai kuɗin shiga na jami'a, wato abin da ɗalibai ke biya na rajista da abin da ake samu daga karatun gaba da digiri da kwasa-kwasan wucin gadi. Jami'o'i da yawa suna karɓar wani abu daga kowane ɗalibi da sunan kuɗin fasahar sadarwa. Sai dai tun da aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, jami'o'i suka yi ta kuka a bainar jama'a cewa lantarki da dizal sun cinye musu kuɗin shiga. Shugaban jami'ar da ake barazanar yanke wa wuta ba zai kalli takardar manhaja da idon rahama ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na uku shi ne wanda idon kowa yake kai, wato asusun TETFund. Tarihinsa abin tunawa ne, domin malaman jami'a ne suka haife shi. Yarjejeniyar da ƙungiyar ASUU ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta, ita ta kai ga dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake dokar, aka keɓe asusun ga manyan makarantun gwamnati kaɗai, ana raba kuɗin kashi biyu ga jami'o'i, kashi ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, kashi ɗaya ga kwalejojin ilimi. Daga baya harajin ya tashi zuwa kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023. Duk wanda ya zaga jami'o'inmu ya san yawancin sabbin gine-ginen da ke cikinsu tambarin asusun nan suke ɗauke da shi, kuma malamai da dama da kuɗinsa suka yi digiri na uku.

Amma malami ba ya rubuta wa TETFund takarda kai tsaye yana neman manhajar aji. Jami'a asusun yake ba kaso duk shekara, kuma kason a rarrabe yake zuwa: na gini daban, na laburare daban, na horar da malamai, na halartar taro, na bincike, na fasahar sadarwa. Jami'a ce za ta tsara abin da za ta yi da kowane kaso, ta aika a amince, ta bi ƙa'idar kwangila, a sako kuɗin kashi-kashi. Saboda haka buƙatar malami sai ta shiga cikin jerin da jami'a ta tsara tun kafin a aika. Wanda bai san lokacin da ake haɗa jerin ba, shekara ta wuce shi. A cikin kason fasahar sadarwa kuma manhajarsa tana gogayya ne da intanet na jami'a baki ɗaya, da shafin rajistar ɗalibai, da batura da sola. Wasu malaman kan saƙa kuɗin manhaja cikin kasafin bincikensu, su samu lasisin mutum ɗaya. Wannan ya yi wa binciken amfani, amma aji mai ɗalibi ɗari ba ya koyo da kwamfutar malam guda ɗaya.

Duk wannan da sauƙi da a ce manhaja sau ɗaya ake sayenta. A da haka take: a sayi faifai, a ɗora, a yi shekaru ana amfani. Yanzu haya ce. Kamfanin Adobe ya koma karɓar kuɗin wata-wata ko shekara-shekara tun 2013, Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin a 2016, lasisin da jami'o'i ke karɓa na SPSS ko MATLAB domin ɗalibai da yawa shi ma na shekara ne. Ranar da wa'adi ya cika, manhajar ta rufe, ko da ana tsakiyar zango. A ganina nan ne gizo yake saƙar. Tsarinmu ya iya sayen abin da za a biya sau ɗaya, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Abin da za a riƙa biya duk shekara ba tare da an ga sabon abu ba, shi ne ba mu yi masa gurbi ba. Shi ya sa za ka tarar da sashen da aka taɓa saya wa lasisi shekara ɗaya, malamai suka sake darussansu a kansa, shekara ta zagayo babu wanda ya tanadi kuɗin sabuntawa, aka koma allo.

Hayar kuma da dala ake biyanta. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Malamin da ya rubuta takardarsa kafin wannan sauyi, aka amince bayan watanni, kuɗin da aka sa wa hannu ko sulusin farashin ba su kai ba, sai a sake sabuwar takarda daga tushe. Biyan ma kansa aiki ne. Tun 2015 kuɗin jami'o'in tarayya suna cikin asusun bai ɗaya na gwamnati a Babban Banki, ba a zare su a tura wa kamfani a Amurka kamar yadda mutum zai sayi abu da katinsa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da ƙa'idojin da suka biyo ta suna neman mai kwangila ya kawo shaidar rajistar kamfani, da ta biyan haraji, da ta fansho, da sauransu, ga kuma neman sahalewar hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, in aikin fasahar babba ne. Kamfanin da ke ƙasar waje ba shi da waɗannan takardu, ba kuma zai nema ba saboda ciniki ɗaya. Dole a bi ta hannun wakili na cikin gida, shi kuma ya ɗora ribarsa, da harajin sayen kaya na kashi 7.5, da ɗan abin da zai kare kansa in dala ta motsa kafin a biya shi.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ko da ba a faɗa a taron tsangaya. A shagunan buga takardu da ke bakin ƙofar kowace jami'a akwai yaron da zai ɗora maka kowace manhaja a kan kuɗi kaɗan, wadda aka fasa makullinta, ɗalibai suna ce mata kirak. Da ita ake tace alƙaluman kundin digiri masu yawan gaske. Abin yana damuna ta fuska biyu. Irin wannan manhaja takan zo da ƙwayar cuta a ɓoye, na kuma ga ɗalibin da aikinsa na shekara guda ya salwanta ta haka, ya zauna a dakalin sashe ya haɗa kai da gwiwa. Sannan jami'ar da ke korar ɗalibi saboda satar rubutun wani, ita ce kuma take kau da kai yana koyon sana'arsa da kayan da aka sato. Yaron yana gani, kuma yana ɗaukar darasi daga abin da ya gani.

Lokaci ɗaya ne takarda ke gudu: in tawagar tantance kwasa-kwasai ta NUC, ko ta ƙungiyar ƙwararru irin su COREN ta injiniyoyi, ta kusa zuwa. A makonnin nan kuɗi kan fito, domin rasa amincewar hukuma na nufin hana sashe ɗaukar sabbin ɗalibai. Tsofaffin shugabannin sassa sun san haka, sukan adana buƙatunsu sai lokacin. Dabara ce mai aiki, amma tantancewa ba duk shekara ake yi ba, lasisi kuwa duk shekara yake mutuwa.

A jami'o'in Amurka da yawa an yi wa wannan buƙata ƙofa tata. Ɗalibai suna biyan wani kuɗi na fasaha, a ware wani kaso daga ciki domin kayan koyarwa, a kafa kwamiti wanda sau da yawa har da wakilan ɗalibai a ciki. Duk shekara a sanar da ranar buɗewa da ranar rufewa, malami ya cike fom: wane kwas, ɗalibi nawa, nawa ne kuɗin, wa zai biya baɗi. Kafin a saya sai an duba ko jami'a ta riga ta mallaki mai irin aikin, ko makaho zai iya amfani da ita, da kuma inda kamfanin zai kai bayanan ɗalibai, domin suna da dokar kare bayanan ɗalibi tun 1974. Su ma ana hana su, kuɗin ba ya isar kowa. Abin da na ɗauka daga wajensu ba yawan kuɗi ba ne. Malami ya san ranar da zai nema, ya san waɗanda za su duba, ya san ranar da zai ji amsa, in an hana shi kuma a gaya masa dalili. Wannan ba ya buƙatar dala ko ɗaya. Jami'ar da ke karɓar kuɗin fasahar sadarwa daga ɗalibai tana iya ware wani yanki sananne, ta rubuta shi a kasafi a matsayin abin da ke maimaituwa, ta ɗora kwamitin majalisar malamai a kansa. Mu ma yanzu muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a 2019, tambayoyin nan biyu sun zama namu.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, malamai ma suna da nasu kason. Na ga takardun neman manhaja da ba su wuce layi huɗu ba: sashe yana buƙatar kaza domin inganta koyo da koyarwa, a taimaka. Ma'ajin da ya karanta wannan ba shi da abin kamawa. Takardar da ke da rai ita ce wadda ta ambaci kwas da lambarsa, ta faɗi yawan ɗaliban da ke ɗaukarsa duk shekara, ta nuna wurin da tsarin darussa ya wajabta aikin hannu. Ta bambance lasisin da ake ɗaure wa kwamfuta ɗaya da wanda ake ajiyewa a babbar kwamfuta, wato saba, kwamfutoci da yawa su riƙa karɓa bi da bi, domin aji mai mutum ɗari da ake shigar da shi rukuni-rukuni ba ya buƙatar lasisi ɗari. Ta kawo farashin makarantu, wanda ya sha bamban da na 'yan kasuwa, da ranar da farashin zai daina aiki. Ta faɗi kuɗin shekara ta biyu da ta uku ƙarara, kada a ɓoye don a samu sa hannu. In sashen tattalin arziki da na nazarin zamantakewa da na aikin gona duk abu ɗaya suke so, takarda ɗaya mai hannun shugabannin sassa uku ta fi uku masu tafiya a warwatse nauyi. Kuma wani abin ba ya ma buƙatar takarda: Autodesk yana ba ɗalibai da malamai manhajojinsa kyauta in sun tabbatar da makarantarsu, Google da Microsoft suna da tsarin makarantu na kyauta. Sau da yawa abin da ya tsaya a tsakani shi ne ɗalibi ba shi da imel mai sunan jami'a, wanda aikin ofishin fasahar sadarwa ne.

Akwai kuma tambayar da ya kamata malami ya yi wa kansa kafin ya ɗauki biro: sunan kamfanin nake koyarwa, ko ilimin? Manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, kyauta ce, kuma manyan masana alƙaluma na duniya da ita suke aiki. Wanda rubuta umarni ke ba shi tsoro akwai jamovi da JASP, masu dannawa kamar SPSS. QGIS tana yin mafi yawan abin da ɗalibin taswira ke buƙata, Octave tana karanta yawancin abin da aka rubuta domin MATLAB, Moodle kuma tun 2002 jami'o'i ke ɗora darussa a kanta. Har masu nazarin Hausa suna da rabo: Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, tana zana wa ɗalibi tashi da faɗuwar murya, ya ga karin sama da karin ƙasa da tsawon wasali da idonsa, abin da aka daɗe ana koya masa da kunne kaɗai. Amfanin waɗannan da ya fi girma a wajena shi ne ɗalibi yana tafiya da su gida, ya ci gaba da aiki da su bayan ya gama, ba tare da ya saci komai ba.

Ban ce kyauta ta wadatar a ko'ina ba. Injiniyan da zai nemi aiki a kamfanin mai, ko mai zanen ginin da ofisoshi za su tambaye shi abin da ya iya da sunansa, dole ya taɓa abin da masana'antar ke amfani da shi. Irin waɗannan su ya kamata ɗan kuɗin da ake da shi ya tafi gare su. Kuma kyauta tana da nata farashin, wato lokacin malami. Wanda ya shekara ashirin yana koyar da SPSS ba zai wayi gari yana koyar da R ba sai an zaunar da shi an horar da shi, an kuma horar da ma'aikacin ɗakin kwamfuta da zai ɗora ta ya gyara in ta ƙi. Kuɗin wannan horo da naira ake biya, kuma ya dace da aljihun horar da ma'aikata da ake da shi tuntuni.

TETFund ta ɗauki wata hanyar a 2023 da ta ƙaddamar da dandalin TERAS, inda take sayen wasu hidimomi a dunƙule domin makarantu duka, ciki har da manhajar ɗora darussa ta Blackboard, da rumbun mujallun bincike, da EagleScan mai gano satar rubutu. Sayen sari ya fi araha, kuma ya ɗauke wa kowace jami'a wahalar neman dala ita kaɗai. Amma abin da ake saye daga Abuja abin da kowa ke buƙata ne. Manhajar da malamin ilimin ƙasa ke so domin kwas ɗaya a aji huɗu ba za ta taɓa shiga wannan kwando ba, sai dai in akwai hanyar da buƙatun sassa za su riƙa hawa daga ƙasa, a tattara, a ga waɗanda jami'o'i da yawa suka yi tarayya a kansu.

Abokina dai bai jira ba. A hutun ƙarshen zango ya zauna ya koyi jamovi, shi da ma'aikacin ɗakin kwamfuta suka kwashe Asabar biyu suna bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da filashi, domin intanet ɗin ɗakin ba ya ɗaukar saukewa. Datar da ya sauke ta da ita daga aljihunsa ta fito. Da na koma bayan wani lokaci, na tarar da ɗalibai uku-uku a kan kowace kwamfuta suna gardama a kan sakamakon da ya fito musu. Ya gaya mini ya sake rubuta takardar, wannan karon domin lasisi kaɗan na 'yan digiri na biyu da aikinsu ya fi ƙarfin ta kyauta, da sa hannun sassa uku, da farashin shekara uku a jere. An tura ta ofishin ma'aji, an ce ya saurari lokacin haɗa kasafin baɗi.